Karatu da aiki: Shin taura biyu na taunuwa?

 

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Da wannan karin magana iyaye da malamai da yawa ke rufe bakin duk yaron da ya ce yana son ya riƙa leƙa shagon tela ko garejin makaniki alhali yana makaranta. Amma idan muka dubi garuruwanmu irin su Barkiya da Kurfi da Dutsin-Ma, da wuya a sami ɗalibin da karatu kaɗai yake yi. Da damina akwai gona. Da rani wasu na bin iyayensu lambu. Wani yana tsaron shagon yayansa, wata tana talla kafin ta tafi makaranta, wani kuma da an tashi sai ya karɓi babur ya shiga acaɓa har magariba. Ke nan mun daɗe muna tauna taura biyun. Abin tambaya shi ne, wane irin aiki ne ke ƙara wa karatu ƙarfi, wane iri ne kuma ke cinye shi?

Masana sun shafe fiye da shekara 100 suna bin diddigin wannan tambaya. A wannan makon mun ɗebo muku kaɗan daga abin da suka gano, tare da yadda za ku yi amfani da shi tun kuna sakandare.

Inda abin ya samo asali

A farkon ƙarni na 20 akwai wani malamin injiniya a Amurka mai suna Herman Schneider, wanda ke koyarwa a Jami'ar Lehigh. Ya bibiyi tsofaffin ɗaliban da suka kammala karatu, sai ya lura cewa waɗanda suka fi saurin kama aiki da hannu biyu su ne waɗanda suka taɓa yin aiki tun kafin su gama jami'a. Daga nan ya kawo shawarar a riƙa raba lokacin ɗalibi gida biyu, rabi a aji rabi a masana'anta. Jami'arsa ba ta karɓi shawarar ba. Sai da ya koma Jami'ar Sinsinati aka ba shi dama, inda a 1906 ya fara da ɗalibai 27. An haɗa su bibbiyu: idan ɗaya yana aji a wannan makon, abokinsa yana masana'anta, mako mai zuwa su yi musaya. Tsarin ya karɓu har ya bazu zuwa wasu jami'o'i, kuma a 1957 aka kafa Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada a kan irin wannan tsari.

A Jamus abin ya fi shafar tsararrakinku. Matashin da ya gama makarantar sakandare yana iya ƙulla yarjejeniya da kamfani, ya riƙa kwana uku ko huɗu a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a makarantar koyon sana'a, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi. Ana biyansa yayin da yake koyo, a ƙarshe ya zauna jarrabawa ya karɓi takardar shaida. Sana'o'in da aka amince da su a wannan tsari sun haura 300.

Mu ma a Najeriya muna da namu. A 1971 gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, mai hedikwata a Jos. A 1973 wannan hukuma ta fito da shirin SIWES, wanda ɗalibai suka fi sani da IT. Dalilin kafa shi shi ne koken masu masana'antu cewa ɗaliban da ake yayewa sun san abin da ke cikin littafi, amma idan aka tsayar da su gaban inji sai ido ya raina fata. Yau ɗalibin jami'a da ke karanta kimiyya, injiniyanci, aikin gona da makamantansu yakan yi wata shida yana wannan horo. Na kwalejin kimiyya da fasaha yakan yi wata huɗu bayan shekarar farko, sannan bayan ya gama ƙaramar difloma ya yi shekara guda a wurin aiki kafin ya koma babbar difloma. Masu karatun malanta kuma suna da gwajin koyarwa, abin da ya sa kuke ganin ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma suna zuwa makarantunku su riƙe alli na wasu makonni. Duk wanda a cikinku yake burin shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Kwalejin Hassan Usman da ke Katsina, ya sani cewa idan fanninsa na cikin shirin, wannan zango na jiransa.

Abin da bincike ya gano

Bari mu fara da labari mai daɗi. A 2016 wani masanin tattalin arziki a Amurka, John Nunley, da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun ƙirƙiro takardun neman aiki kimanin 9,400 na mutanen da babu su, suka aika wa kamfanonin da ke cigiyar ma'aikata. A wasu takardun suka rubuta cewa mai neman ya taɓa yin horon aiki lokacin da yake jami'a, a wasu kuma ba su rubuta ba. Sai aka ga masu horon sun fi samun kiran ganawa da kashi 14 cikin 100. Ma'ana, inda aka kira mutum 100 daga cikin waɗanda ba su da horon, an kira 114 daga cikin masu shi.

Gwaji na biyu ya fi kusa da shekarunku. A ƙasar Urugwai da ke Kudancin Amurka, tun 2012 gwamnati ke da wani shiri na bai wa ɗalibai 'yan shekara 16 zuwa 20 aikin wasu sa'o'i a kamfanonin gwamnati, na tsawon wata tara zuwa shekara guda. Masu nema sun ninka guraben da ake da su sau da yawa, don haka ƙuri'a ake jefawa. Wannan ya bai wa masu bincike dama mai kyau, domin tsakanin wanda ya samu da wanda bai samu ba babu wani bambanci sai sa'a. Da suka bi sawun dubban matasan, sun gano cewa shekara biyu bayan shirin, waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kimanin kashi 8 cikin 100, kuma aikin bai kore su daga makaranta ba. Amma ku lura da sharaɗin da aka gindaya: duk wanda ya daina zuwa makaranta ya rasa aikin. Karatun ne gaba, aikin yana biye da shi.

To, ga kuma ɗaya ɓangaren. A 1991 masana biyu, Laurence Steinberg da Sanford Dornbusch, suka duba rayuwar ɗaliban sakandare kimanin 4,000 a Amurka. Sun ga cewa waɗanda ke daɗewa a wurin aiki a lokacin zangon karatu sun fi samun ƙarancin maki, kuma hankalinsu ya fi janyewa daga makaranta. Bincike-binciken da suka biyo baya a can sun yi ta nuna wata iyaka: matsalar takan fi bayyana idan aikin ya wuce sa'a 20 a mako. Masana sun yi muhawara a kan ko aikin ne ke kashe karatun, ko kuwa yaron da dama karatu ya fita ransa shi ne ke rungumar aiki da yawa. Ko wanne ne, mu lissafa da kanmu. Sa'a 20 a mako kusan sa'a uku ke nan kullum. Ɗalibin da ya tashi makaranta ƙarfe biyu, ya hau babur har bayan magariba, ya yi sa'a huɗu zuwa biyar a rana, wato sama da 30 a mako idan aka haɗa da Asabar da Lahadi. Ina Islamiyya, ina aikin gida da malami ya bayar, ina barci? Washegari a aji sai gyangyaɗi.

Idan muka haɗa waɗannan, abin da ya fito fili shi ne aikin da ke da iyaka, wanda wani babba ke lura da shi, kuma yake da alaƙa da abin da ake koya, yana taimakon ɗalibi. Aikin da ba shi da lokacin tashi, wanda kuɗin yau kaɗai ake nema da shi, yana iya raba ɗalibi da takardar WAEC da NECO.

Sirrin ɗan littafin nan

Duk ɗalibin da zai tafi IT ana ba shi wani littafi da muke kira logbuk. A ciki zai riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana, ya zana na'urorin da ya taɓa, shugabansa na wurin aiki ya sa hannu duk mako, malami daga makaranta kuma ya zo duba shi. Mutane da yawa sun ɗauka wahalar da ɗalibi kawai ake yi. Alhali akwai hikima a ciki. A 1984 wani masanin ilimi, David Kolb, ya bayyana cewa koyo ta hanyar aiki zagaye ne mai mataki huɗu: ka yi abu, ka waiwaya ka duba yadda ya kasance, ka fitar da darasi, sannan ka sake gwadawa da darasin a hannunka. Wanda ya tsaya a matakin farko zai iya shekara biyar yana maimaita abu ɗaya ba tare da ya san dalilinsa ba. Rubutun nan na kullum shi ke tilasta wa ɗalibi waiwaye.

A nan ne kuma shirin yake samun tangarɗa, kuma mu da ke jami'a muna gani da idonmu. Akwai ɗaliban da ke neman ofishin da za a ce musu su je gida sai ƙarshen wata su zo a sa hannu. Akwai waɗanda ke cike logbuk na wata shida a dare biyu, suna kwafa daga na abokai. Akwai kuma waɗanda suka je da niyya mai kyau, amma aka mayar da su 'yan aike, daga sayo abinci sai kai fayil. Ga ƙarancin masana'antu a yankinmu, wanda ke sa masu hali su tafi Kano ko Kaduna ko Abuja, marasa hali su karɓi duk inda suka samu ko da bai shafi fanninsu ba. Ɗan alawus ɗin da ake biya bai taka kara ya karya ba, kuma yakan makara. A ƙarshe kowa zai sami maki, amma ranar da aka zaunar da mutum gaban masu ɗaukar aiki aka ce ya nuna abin da ya iya, ranar ake bambance aya da tsakuwa.

Abin da muka lura da shi shi ne, ɗaliban da suka fi cin moriyar IT su ne waɗanda dama sun saba zama ƙarƙashin maigida. Sun san zuwa da wuri, sun san yadda ake tambaya ba tare da raini ba, ba sa jin kunyar ɗaukar tsintsiya, kuma ba sa tsoron hannunsu ya yi baƙi. Waɗannan halaye ba a koyonsu ranar da aka miƙa wa mutum takardar tura shi aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗakin gwajin da ke bakin titi

Wani zai ce, mu da muke Barkiya ina muka ga kamfani? Gaskiya ne babu masana'antar Sinsinati a nan, kuma makarantunmu da yawa ɗakin gwaje-gwajensu sai a hankali. Amma ku fita bakin titi ku duba da idon ɗalibi.

Mai haɗa sola da ke ɗora faranti a kan rufin shago, darasin lantarki na ajin babbar sakandare yake aikatawa. Batirin da aka rubuta wa 12V da 200Ah, idan ka ninka lambobin biyu za ka sami 2,400, wato adadin wutar da yake iya ɗauka a ma'aunin wat na sa'a guda. Idan ya jera batura biyu kai da wutsiya, ƙarfin ya koma 24. Abin da malamin Fiziks ya zana muku a allo ke nan, ga shi a gabanku da waya da ƙusa. Mai faci da ke auna iskar taya yana aiki da darasin matsin iska, shi ya sa yake gargaɗin direba kada ya cika iska da tsakar rana a watan Afrilu. Mai walda ya san ƙarfe na buɗewa idan ya ji wuta, ya tsuke idan ya huce, ko da bai taɓa jin sunan da littafi ya ba abin ba.

Ku dubi noman rani a gefen madatsar ruwa ta Zobe. Buhun takin da aka rubuta wa 15-15-15 yana gaya maka kason sinadarai uku da ke cikinsa ne, kowanne kashi 15 cikin 100. Takin yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, don haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin. Ɗalibin da ya iya wannan lissafi, ya kuma san hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, zai iya auna gonar mahaifinsa ya faɗa masa yawan takin da ya dace. Ya yi bitar Kemistiri da Lissafi da Aikin Gona a yini ɗaya, ya kuma rage wa gida asara.

Haka abin yake ga 'yan uwanmu mata. Telar da ke yanka siket mai faɗi tana aiki da lissafin da'ira. Mai yin sabulu da man shafawa a cikin gida tana haɗa sinadarai da ma'auni. Mai shagon da ke bayar da bashi tana buƙatar wadda za ta tsara mata littafin shiga da fita, wanda shi ne darasin ajiyar lissafin kuɗi da ake koya muku.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan boko ɗan maƙeri a maƙera yake tashi, haka ɗan majemi da ɗan magini, kuma almajirai da yawa da ɗinkin hula suka riƙe kansu har suka sauke. Manhajar makarantunku ma ta san da haka. Tun 2011 aka shigar da darussan sana'a 34 cikin manhajar babbar sakandare, sannan a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da taƙaita su zuwa shida: haɗa sola da gyaranta, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar salula, sai noman lambu da na amfanin gona. Babu ko ɗaya a cikinsu da ba za ka sami mai yin sa ba tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma.

Yadda za ku fara

Na farko, ku zaɓi lokaci. Dogon hutun ƙarshen shekara ya fi dacewa da zama wurin sana'a sosai. Idan an koma makaranta, a taƙaita zuwa ƙarshen mako ko 'yan sa'o'i da yamma, kuma a tsaya nesa da iyakar nan ta sa'a 20. Wanda ke ajin ƙarshe, da zarar jarrabawa ta ƙarato, ya nemi uzuri wurin maigidansa har sai an gama.

Na biyu, kada ku je da kanku. Ku bari mahaifi ko kawu ko yaya ya kai ku ya damƙa ku hannun mai sana'ar, a faɗi lokacin zuwa da na tashi a gabansa. Ta haka maigida zai san cewa ɗalibi aka kawo masa, yaron da ke da makaranta gobe da safe. 'Yan mata su nemi wurin mace, ko inda iyaye suka sani suka aminta da shi. Duk mun san halin tsaro da yankinmu ya sha fama da shi, don haka a zaɓi wuri na cikin gari, a kuma dawo gida da sauran rana.

Na uku, ku sayi littafi mai shafi 40 ku mayar da shi logbuk ɗinku. Kowace rana ku rubuta kwanan wata, abin da kuka gani, abin da kuka yi da hannunku, da tambaya ɗaya da ba ku sami amsarta ba. Ku kai wa malaminku na aji tambayar. Malamai na jin daɗin irin wannan tambaya fiye da yadda kuke zato, kuma amsar da aka samu ta wannan hanya ba ta saurin gushewa a ɗakin jarrabawa.

Na huɗu, ku kiyaye lafiyarku. Ba a kallon wutar walda da ido tsirara. Ba a taɓa ruwan batir da hannu, ba a fesa maganin ƙwari ba tare da rufe hanci da baki ba. Wanda ya sami damar zama a shagon magani ko asibiti ya tsaya ga kallo da abin da aka sa shi, kada ya yi wa kowa allura ko ya rubuta magani, kuma abin da ya gani na marar lafiya ya bar shi a can.

Na biyar, ku auna kanku da sakamakon jarrabawa. Idan zango ya ƙare kuka ga maki ya sauka, aikin ya yi yawa ke nan, sai a rage.

Mun san akwai waɗanda a cikinku ba zaɓi suke da shi ba. Abin da suka samo a acaɓa ko talla shi ake cefane da shi, da shi ake biyan kuɗin jarrabawa. Ba mu raina ƙoƙarinsu ba, hasali ma sun fi mu sanin zafin nema. Abin da muke roƙo shi ne su zauna da iyaye a ware sa'o'in da babu mai taɓa su saboda karatu, ko da biyu ne bayan sallar asuba. Muna kuma kira ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai a Kurfi da Dutsin-Ma su haɗa kai da ƙungiyoyin masu sana'a, a tsara yadda ɗalibai za su riƙa zuwa koyo lokacin hutu, malami ɗaya yana zagayawa yana duba littattafansu. Wannan ba ya buƙatar kwangila ko sabon gini.

Kafin hutu mai zuwa, kowannenku ya zaɓi sana'a ɗaya da ke unguwarsu, ya nemo darasi ɗaya na aji da ke ɓoye a cikinta, ya rubuto mana ta hannun editan wannan shafi. Za mu kawo waɗanda suka fi burge mu a wannan fili.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya ba da sa'ar karatu.